An Cinye Tayoyin Baba Haruna

Na manta sunayen daraktoci da yawa da na yi wa tuƙi, na manta lambobin motocin da na riƙe, amma ranar da aka sa ni karɓar makulli daga hannun Baba Haruna ta ƙi barin raina. Tunda kun ce in ba ku labarin aiki, shi zan ba ku. Ku gyara zama. Ba labarin dariya ba ne, ko da yake an yi dariya a cikinsa, kuma dariyar ce ta ƙarasa ɓata komai.

Ni direba ne a ofishin da ke haƙa wa ƙauyuka rijiyar burtsatse da kafa musu famfon tuƙa-tuƙa. Muna cikin waɗanda aka kwaso daga Kano lokacin da aka yanki Jigawa, muka tarar da Dutse babu gidan haya, babu isasshen ofis, sai duwatsu. Da ƙyar na sami ɗaki ciki da falo a Yalwawa na tare da iyalina. Manyanmu kuwa jikinsu ne kawai ya zo, zuciyarsu tana Kano. Da la'asar ɗin Alhamis sai ofis ya zama kango, ba ka ƙara ganinsu sai hantsin Litinin. Ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka ba ni cif direba. Ga wanda bai san aikin ba, cif direba shi ke raba motoci, shi ke cewa wane zai tafi wuri kaza, kuma shi ake ba duk saƙon da manya ba sa son faɗa da bakinsu. Sama da ni akwai jami'in sufuri, sama da shi akwai darakta. A gefe kuma akwai foman, wato shugaban makanikai, wani mutumin Filato mai suna Bulus, wanda muka zo tare daga Kano. Kirista ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai mutum ne mai gajeriyar magana. In ka yi masa tambaya mai tsawon kamu goma, amsarsa ba ta wuce taƙi ɗaya.

Shi kuwa Baba Haruna shi ne dattijon direbobinmu. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Taura, ɗan manoma, kuma a hannunsa na koyi tuƙi. Shi aka fara yi wa tayin cif, ya ce a bar shi da hanya, kujera tana sa masa ciwon baya. A cikin garejinmu akwai wata darbejiya da muka kewaye gindinta da duwatsu muka mai da wurin masallaci. Ba wanda ya naɗa Baba Haruna liman. In dai an ta da iƙama sai kowa ya ja da baya ya bar masa gaba, har manyan ofis in salla ta riske su a gareji bayansa suke bi. Ba shi da gida a Dutse, ba shi da ko keke. Abin da ya tara a aikin gwamnati ke nan, wannan taku ɗaya da yake yi zuwa gaban sahu.

To, ana nan sai aka sayo mana manyan fikof masu jan ƙafa huɗu, irin waɗanda ake labta wa fayif da siminti da kan famfo har bodi ya durƙusa. Suka zo da wasu tayoyi da ba mu saba gani ba, masu manyan haƙora tsaitsaye, har gefensu ma haƙora ne. Ɗan kwangilar da ya kawo su ya tsaya a tsakar gareji yana bubbuga ɗaya da ƙafa, ya ce waɗannan ba ruwansu da kwalta, ba ruwansu da yashi, ba ruwansu da taɓo, ko'ina shiga suke. Nan take direbobi suka raɗa musu suna shiga-ko'ina. Ni ma ranar na yaba, don a ido kam kyawawa ne.

Ba mu yi nisa ba muka gane halinsu. A kan kwalta ƙugi suke, ƙugin da ba ka jin rediyo, ba ka jin wanda ke zaune kusa da kai, in ka sauka da yamma kunnenka na ci gaba da amsawa har ka kwanta. In ka ɗan taka mota sitiyari ya kama rawa a hannunka. In aka yi yayyafi kwalta ta jiƙe, birki sai ka haɗa da addu'a. Mai kuwa shan shi suke sa mota kamar an huda tanki. Muka ce to, tunda a kwalta ba su da daɗi, bari mu gani a daji. A dajin ma sai da dabara. Kun san yashin ƙasar nan, ba a yi masa ƙarfi. Haƙoran nan maimakon su hau kan yashi sai su kama tona, kafin ka ankara mota da lodinta ta zauna a kan cikinta.

Dabarar ita ce wadda kowane direban Jigawa ya sani. In za ka shiga yashi sai ka tsaya ka sace wa tayoyi iska, su yi faɗi su kwanta, sai mota ta bi ta kai a hankali. Matsalar tana wajen fitowa. Ka fito kan kwalta da taya mai rabin iska, ga lodi, ga zafin bazara da kwalta ke narkewa, kuma mai faci na kusa yana can gaba da nisa. In Juma'a ce ma ka tarar ya rufe ya tafi masallaci. Haka za ka lallaɓa, taya tana ɗaukar zafi har ba ka iya ɗora mata hannu. Yau haka, gobe haka. Sai haƙoran su fara ɓantarewa, gefe ya yi ƙulu, ƙayar bagaruwa da a da ko gezau ta zama abin tsoro.

Hanyar Baba Haruna ta fi ta kowa muni. Shi ke da ƙauyukan Taura da Ringim. Daga Dutse ya bi kwalta mai tsawo ta Jahun har Gujungu, ya sauka cikin yashi ya wuni, ya sake hawowa kwalta ya dawo. Saboda haka tayoyinsa ne suka riga na kowa mutuwa. Kafin damina ta kankama sun zama sumul kamar tafin hannu, ɗaya har waya ta leƙo. Ya zo ya gaya mini, na ce ya kai wa foman ya duba, don ƙa'ida ita ce sai foman ya tabbatar taya ta mutu kafin a fitar da sabuwa daga sito.

Bulus ya duba, ya girgiza kai. Yana tsugune a gindin motar sai ga jami'in sufuri zai fita. Sabon zuwa ne a ofishinmu, ba mugun mutum ba, amma kullum cikin sauri yake. Ranar Alhamis ce, ya riga ya sa jakarsa a mota, hankalinsa yana kan hanyar Kano. Ya sauke gilas, ko injin bai kashe ba.

"Foman, me ya sami tayoyin motar nan? Ba kwanan nan aka kawo su ba?"

Bulus ya miƙe yana goge hannu. "Ranka ya daɗe, an cinye su tas."

"An cinye su?"

"Tas."

Jami'in ya gyaɗa kai, ya ɗaga gilas, ya ja motarsa. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji, kuma wallahi ban ji komai a cikin maganar ba. Mu a gareji haka muke magana. Kwalta tana cin taya, burji yana cin taya, birki yana cin taya. Amma a ofis, in aka ce an ci abu, ba kwalta ake nufi ba. Dama kuma akwai labarin da ke yawo cewa a wasu wurare direbobi kan shiga Kano da sababbin tayoyi su fito da tsofaffi. Kunnen mutumin a shirye yake. Ya tafi da maganar Kano, ta kwana huɗu a cikinsa tana kumbura, ranar Litinin ya kai wa darakta ita. Da ta fito daga ofishin darakta ta riga ta sami mai ita. Ba a ce an cinye ba kuma, sai aka ce direban ya cinye.

Hantsin Litinin ɗin masinja ya zo ya ce a tara direbobi a gindin darbejiya. Jami'in sufuri ya sauko, ya tsaya yana kallon sama da kawunanmu. Ya ce an sami rahoto a kan tayoyin mota kaza, an ce a dakatar da direbanta har kwamiti ya zauna. Dakatarwa a wurinmu ba kora ba ce. Direba zai miƙa makulli ga cif, ya riƙa zuwa kullum yana zama a benci, ba ya taɓa mota har sai an gama bincike. A takarda abu ne mai sauƙi. A gaban mutane kuwa tsirara ce.

Baba Haruna bai gane ba da farko. Ya ce, "Rahoton me, ranka ya daɗe?"

"An ce an ci tayoyin."

Ya dubi motar, ya dube ni. Sannan ya ce, "Ni na ci taya? Da wane haƙori? Ai tayar ce mai haƙora, ranka ya daɗe, ni nawa sun zube. Abin da na taɓa sacewa a motar nan iska ce, ita ma don in fita daga yashi."

Sai wani daga baya ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Ba dariyar mugunta ba ce, maganar ce ta zo da ban dariya, kuma kowa a takure yake yana neman inda zai huce. Amma na ga fuskar dattijon lokacin da dariyar ta tashi. Jami'in ya ce, "Cif, karɓi makulli," ya juya ya hau sama.

Na tsaya kamar an dasa ni. Mutumin da ya fara ɗora hannuna a kan giyar mota. Shi ne ya sauƙaƙa mini, ya zaro makullin daga aljihun gaban rigarsa, ya kamo hannuna ya sa a ciki ya rufe da nasa. Ya ce, "Riƙe, Ado. Aikinka ne." Ya je ya zauna a benci.

Da Bulus ya ji abin da ya faru, spanar hannunsa ya yar, ya ce in zo mu hau sama. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba.

"Ranka ya daɗe, ni na ce an cinye, ban ce ya cinye ba. Kwalta nake nufi. Kwalta da zafi da lodi. Tayoyin nan su ne dai waɗanda aka kawo, ga su can a jikin mota, a zo a duba."

Jami'in ya ce, "To me ya hana ka ce kwalta?"

"Ai ban san akwai wani mai cin taya ba bayan ita."

"Foman, magana ta riga ta hau sama. Ba ni da ikon sauko da ita. In kwamiti ya zauna sai ka faɗa musu haka."

Kwamiti. Allah ya raba ku da jiran kwamiti. Mutum uku ne, amma haɗa su a ɗaki ɗaya ya gagara. Litinin ba su dawo daga Kano ba. Talata ɗaya yana taro. Laraba ɗaya ya raka darakta rangadi. Alhamis kuwa kowa ya sa jaka a mota. Na hau benen nan na sauko har gwiwoyina suka san adadin matakalarsa, kullum amsa ɗaya, ana nan ana dubawa. Na gaji, gajiyar da ba ta tuƙi ba, wadda barci ba ya maganinta.

Kuma ku tuna lokacin. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce a jihar nan, kalmar sata ta yi nauyi a bakin mutane fiye da kullum. A teburin mai shayi, a tasha, a rediyo, zancen ke nan. Ba wanda ya kai Baba Haruna ko'ina, ba wanda ma ya furta kalmar a gabansa. Amma masinjoji sun kai labari sauran ofisoshi, direbobin can suka fara tambayar namu, ina dattijon nan naku, Ci-taya? Da wasa aka fara. Sunan ya zauna daram.

Ranar farko da azahar ta yi, aka ta da iƙama, kowa ya ja da baya kamar yadda aka saba. Gaba ta zauna babu kowa. Muka waiga, sai ga Baba Haruna a ƙarshen sahun baya.

Na ce, "Baba, bismilla."

Ya ce, "A'a. Wanda ake tuhuma da cin amana ba ya jan mutane salla. In an wanke ni na dawo."

"Baba, ai duk nan ba mai tuhumarka."

"A nan aka karɓi makullina, Ado. A nan za a faɗa."

Muka yi ta turereniya, wannan ya tura wancan, daga ƙarshe wani makanike ya shiga gaba. Haka muka ci gaba. Kullum dattijon yana benci tun safe, carbi a hannu, yana kallon motarsa tana fita da wani direban.

Don ba a ajiye motar ba. An fitar da sababbin shiga-ko'ina daga sito aka sa mata, aka ba wani matashi, aka tura shi hanyar Taura da Ringim. Ba a daɗe ba nasa ma suka fara zubar da haƙora. Sai na motar Birnin Kudu. Sai nawa, wata rana da na fita da kaina saboda ƙarancin direbobi, ta baya ta yi bindiga a kan kwalta kafin Jahun, da fayif cike da bodi, motar ta yi ta wulwula gindi sai da Allah ya tsayar da ita a bakin wata gona. Kafin kaka ta shigo, bayan sito ya cika da gawar tayoyi, duk sumul, duk iri ɗaya. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ma in ya kalli tarin nan ya san ba mutum ne ya ci su ba.

Na zaci yanzu kwamiti zai zauna. Ashe an daina bukatarsa. A hankali aka koma sayen tayoyi irin na da, ba wanda ya ce uffan. Wata Laraba jami'in sufuri ya kira ni, yana rubutu, ko kai bai ɗago ba.

"Cif, an ce a mayar wa dattijon nan makullinsa."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ranka ya daɗe, yaushe za ka sauko in tara direbobi?"

"A tara su a yi me?"

"A gaban jama'a aka karɓa. In da hali a faɗa a gabansu cewa bai ci komai ba."

Ya ajiye biro ya dube ni, kuma na rantse da gaske yake mamaki. "Wa ya ce ya ci? Ni ban ce ba. Darakta bai ce ba. Babu inda aka rubuta ya ci. An dai ce a bincika, yanzu kuma an bar maganar. In na sauko na ce bai yi sata ba, ai ni na fara kiran sunan sata ke nan."

Na sauko da makulli a hannuna, ya fi ranar da na karɓe shi nauyi. Na tarar da Baba Haruna a benci, na durƙusa na miƙa masa.

"Baba, an ce a mayar maka."

Ya karɓa, ya jujjuya shi a tafin hannunsa. "Wa ya ce?"

"Daga sama."

"Sun ce ban ci ba?"

"An ce an bar maganar."

Ya gyaɗa kai a hankali. "An ce a karɓa, an ce a mayar. To, Allah ya saka wa An da alheri." Ya tashi ya je ya buɗe bonet yana duba ruwa da baƙin mai, kamar jiya ya ajiye motar.

Ranar bayan mun sallame azahar, sai ga Bulus ya zo ya tsaya a bakin duwatsun masallaci, inda bai taɓa tsayawa ba. Ya cire hularsa ta aiki ya riƙe a hannu. Ya ce, "Jama'a, ku ji. Maganar nan daga bakina ta fita. Kwalta ce ta ci tayoyin, ba Baba ba. Na faɗa a sama, ina faɗa a nan." Kowa ya ce haka ne, wallahi haka ne, Baba ka koma gaba.

Baba Haruna ya ce, "Na gode, Bulus. Allah ya yi maka albarka. Amma ba a bakinka ta lalace ba, ba kuma a bakinka za ta gyaru ba."

Da la'asar aka ta da iƙama, muka ja da baya, muka jira. Yana sahun baya. Ya ƙara shekaru yana tuƙi lafiya lau har ya yi ritaya, bai sake taka gaban sahun nan ba. Jami'in sufurin an yi masa canjin wurin aiki, daraktan ma ya tafi, waɗanda suka gaje su ba su ma san an yi ba.

Bayan na ajiye aiki ni ma, labari ya iso mini a Yalwawa cewa Baba Haruna ya rasu a ƙauyensu. Na shiga motar haya zuwa Taura don in yi ta'aziyya. Ban taɓa zuwa gidan ba, sai na tsaya wurin wani mai shayi a bakin tasha na ce ina neman hanyar ƙauyen Malam Haruna direba, wanda ya rasu shekaranjiya. Ya yi ta tunani, ya ce Haruna dai suna da yawa. Na ce dattijo ne, ya yi aikin gwamnati a Dutse, motar masu famfo.

Ya ce, "Au, Ci-taya kake nufi. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki." Ya nuna mini hanya da ludayin shayinsa.

Na ce, "Ka san inda ya samo sunan?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Haka dai muka ji an ce."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, ku da kuke riƙe da makullai yanzu. Taya ba ta shiga ko'ina, kowace da hanyar da ke kashe ta, duk wanda ya gaya muku akasin haka sayarwa yake. Wannan mai sauƙi ne, taya in ta mutu a sito ake sauya ta. Amma in babba ya sauke gilas ya tambaye ku me ya sami mota, ko da injinsa na kunne, ko da Alhamis ce, kada ku ce an yi. Ku faɗi wanda ya yi. Kwalta ta ci, ƙaya ta huda, lodi ya fasa. In kuka bar wurin babu suna, a sama za a cike shi, kuma da sunan wanda ya fi kowa rashin gata a gareji za a cike.